YOYON TANKIN MOTA, DA YADDA A KE GYARA SHI BA A YI HASARAR RAI BA

Yau ina so in yi magana da ku bisa wani al'amari wanda mai karatu zai ce ba fagen malamin allo ba ne, watau yoyon tankin mota. Gaskiya ne, ni ba makanike ba ne, ban kuwa taɓa riƙe sifana don neman abinci ba. Amma mutumin da ke da 'ya'yan mutane kwance a zaurensa, ga mota kuma tana kwana a bakin zauren, lalle ya kamata ya san abin da ke ɗiga daga cikinta.

Ga yadda abin ya faru. A cikin hunturun 2024 wani maƙwabcina, attajiri mai fataucin albasa tsakanin Wurno da Goronyo da nan Sakkwato, ya kan ajiye motarsa jikin katangar makarantarmu in ya komo da dare. Yara kuwa, kamar yadda aka saba, su kan hura wutar kara da asuba, su kewaye ta da allunansu, suna jin ɗumi suna karatu. Ran nan na fito, sai na ji warin fetur ya cika wurin. Na haska tocila ƙarƙashin motar, sai ga ƙasa ta jiƙe ta yi baƙi kamar faɗin faifai, tsakaninta da wutar yara bai fi taki goma ba. Nan take na sa aka kashe wutar da ƙasa, aka kwashe yara zuwa cikin gida.

Da gari ya waye na sami Alhaji na gaya masa. Ya yi murmushi ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ɗan yoyo ne. Dutse ya buge ta a hanyar Goronyo, na kuwa shafa mata sabulu tun makon jiya." Na ce, "Alhaji, sabulun nan naka ya gaji, tashi mu tafi gareji tare." Muka tafi wajen masu gyaran mota na Buzaye, muka sami wani dattijon makanike wanda ya tsufa cikin sana'ar. To, abin da na ji daga bakinsa, da abin da na ƙara tambaya wajen wani tsohon almajirina wanda ya yi karatun injiniya, shi ne na tattara na kasa fasali fasali, domin amfanin masu mota da masu shiga mota.

FASALI NA FARKO: ABIN DA KE KAMA WUTA

Yawancinmu muna zaton ruwan fetur shi ne ke cin wuta. Ba haka ba ne. Abin da ke kamawa shi ne tururin da ke tashi daga gare shi, wanda ido ba ya gani, sai dai hanci ya ji. Fetur ya kan ba da wannan tururi ko da a ƙasashen ƙanƙara, inda sanyi ya kai awo 40 ƙasa da sifiri, balle a Sakkwato inda zafi ke haura awo 40 sama da sifiri a watannin Maris da Afrilu da Mayu. Tururin nan kuma ya fi iska nauyi har ninki 3 zuwa 4, saboda haka ba ya tashi sama ya watse kamar hayaƙi. Ƙasa ya ke bi, ya gangara cikin kwata da rami da ƙarƙashin ƙyaure, har ya tarad da wuta inda ta ke, ita kuwa ta biyo shi a guje zuwa inda ya fito. Wannan shi ya sa taki goman nan da ke tsakanin motar Alhaji da wutar yara bai zama kariya ba.

Akwai kuma wata mas'ala mai ban mamaki. Tururin fetur ba ya kamawa sai ya gauraya da iska bisa wani ma'auni, watau daga kashi 1.4 zuwa kashi 7.6 cikin 100. In ya gaza haka ba ya kamawa, in ya wuce haka kuma iska ta yi masa kaɗan. A cikin tanki mai mai, tururi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Amma tankin da aka juye, aka ce babu kome ciki, shi ne iska ta cika, ga kuma ɗan ragowar mai a lunguna. Tanki mai cin lita 50, cokalin shayi ɗaya na fetur ya isa ya mai da shi kamar bindigar da aka ɗura. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin shi ne tushen dukan abin da zai biyo: tankin da babu mai ya fi tanki cike haɗari in wuta ta kusance shi.

FASALI NA BIYU: INDA YOYO KE FITOWA

Likita ba ya ba da magani sai ya san ciwo. Yoyon tanki yana da sababi kamar huɗu. Na farko, bugu: dutse ko kututture ko gefen rami ya daki cikin mota, musamman in an yi mata lodin da ya sa ta durƙusa. Na biyu, tsatsa, ita kuwa daga ciki ta fi cin tanki. Dalili, ruwa ya fi fetur nauyi, in ya shiga sai ya kwanta a gindi ya yi ta cin ƙarfe a ɓoye. Ruwan nan ya kan shiga ta murfin da ya lalace, ko tsumman da a ke cusawa maimakon murfi, ko ta man jarka na bakin hanya wanda ba a tace ba. Na uku, tiyo da bututun da ke kai mai ga inji, su kan bushe su tsage saboda zafi da tsufa. Na huɗu, robar da ke rufe bakin famfon mai, wanda a motoci da yawa ya ke ƙarƙashin kujerar baya. In an taɓa buɗe wurin ba a mayar daidai ba, sai wari ya cika cikin mota duk sa'ad da aka cika tanki.

Ba banza aka mai da tanki ƙarƙashin kujerar baya ba. A da a kan sa shi can ƙarshen mota, inda bugu daga baya ke samunsa. A Amurka, cikin 1978, kamfanin Ford ya kira motoci wajen miliyan 1.5, mafi yawansu ƙirar Pinto, domin a gyara musu tanki, saboda yana fashewa ya kama wuta in an buge su ta baya. Watau su kansu maƙeran mota ba su ɗauki tanki abin wasa ba.

Kafin a ɗora wa tanki laifi, sai a goge shi tas da tsumma, a bari ya bushe, a barbaɗa masa garin alli ko toka mai sanyi, a duba inda zai fara jiƙa. Da rana a ke yin wannan, a fili, ba da fitilar kwai ko ashana ba. Wani lokaci ma ba huji ba ne, cikawa ce ta yi yawa. Fetur yana kumbura da zafi: lita 50 da aka zuba da sanyin safiya ta kan ƙaru da kusan lita 1 in zafi ya hau da awo 20. Wanda ya sa aka jijjiga mota aka cika ta har baki, sa'an nan ya ajiye ta a rana, kada ya yi mamaki in ta yi amai.

Sai kuma a san irin tankin. Tsofaffin motoci, irin Fijo 504 wadda kamfanin Peugeot ya yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975, tankinsu na ƙarfe ne. Haka na babura, waɗanda 'yan kabu-kabu ke zaune kansu yini guda, ga inji mai zafi a ƙarƙashi. Motoci da yawa na baya, kamar Golf ɗin da a ke haya da su, nasu na roba ne mai kauri. Na roba ba ya tsatsa, amma gyaransa dabam ne, kamar yadda za mu gani.

FASALI NA UKU: GYARAN HANYA

In tanki ya huje a daji, a ce tsakanin Gwadabawa da Illela, abu na farko a tsaya, a kashe inji, fasinja su sauka su yi nisa, su tsaya ta inda iska ke fitowa. Kada a sha taba, kada a kunna kome. A tara mazubi a ƙarƙashi, abin da ya zube a rufe shi da ƙasa. Sa'an nan a ɗauki sabulun wanki na sanda, a ɗan jiƙa shi ya yi laushi, a yi ta goga shi bisa hujin har ya toshe. Hikimar ita ce fetur ba ya narkar da sabulu. Dabara ce ta tsofaffin direbobi, tana kuwa aiki.

Amma fa a san iyakarta. Abin da fetur ya kasa ruwa yana yi: kududdufi ɗaya da damina ya isa ya wanke sabulun, da rani kuwa ya bushe ya tsage, girgizar hanya ta kakkaɓe shi. Sabulu kamar taimama ya ke, an yi shi don lalura, in an sami ruwa hukuncinsa ya ƙare. Aikinsa ya kai mota gareji mafi kusa, ba ya wuce nan. Kuskuren maƙwabcina ke nan, ya mai da abin lalura abin zama.

Ina kuma gargaɗi a kan zuƙo mai da baki ta tiyo, wanda yaran mota suka mayar kamar wasa. In fetur ya sarƙe mutum ya shiga huhu, kaɗan ya isa ya kwantar da shi asibiti, wani ma ba ya tashi. Wanda tsautsayi ya sa ya haɗiye, kada a sa shi amai, a kai shi asibiti maza.

FASALI NA HUƊU: GYARA BA DA WUTA BA

In hujin ƙarami ne, tankin kuma na ƙarfe ne mai sauran lafiya, akwai gam na musamman mai kashi biyu, wanda a ke murɗawa tare ya zama kamar ƙullu, in ya bushe ya yi tauri kamar dutse. A tambayi mai kanti wanda aka rubuta cewa fetur ba ya cinsa, don ba kowane gam ke jurewa ba. Ga tertibin aikin. A cire kan batir tukuna. A juye mai cikin jarka mai murfi, a kai ta nesa cikin inuwa. A kankare wurin da samfefa, da hannu, har farin ƙarfe ya bayyana, a goge maiƙo sarai, a bari ya bushe. Sa'an nan a danna gam ya shiga hujin, ya kuma rufe kewayensa kamar faɗin yatsa biyu, a bar shi ya kwana kafin a zuba mai. Kada a kankare da injin gurza ƙarfe, domin tartsatsinsa wuta ne. Kada kuma a yi aikin bisa ramin gareji, don nan tururi ke taruwa.

Tankin roba kuwa gam ba ya kama shi da kyau, ya kan riƙe kwana kaɗan ya ɓamɓare. Masu sani su kan narka roba irin tasa da iska mai zafi su liƙe, bayan an wanke shi, amma in tsagar ta yi tsawo sai sakewa. Haka tankin ƙarfe wanda tsatsa ta ci. In ka ga huji ɗaya kamar na allura, ka tabbata 'yan'uwansa suna nan tafe, kamar tsohuwar riga ce, ka ɗinke nan ta yage can. Dattijon nan ya ce wa Alhaji, "Kuɗin gam sau uku da ladan aiki sau uku, da man da zai zube tsakani, sun kusa sayen tankin gwanjo mai kyau." Da aka sauke na Alhaji aka leƙa, aka tarar bayan bugun dutse har da tsatsa a gindi, sai ya haƙura ya sake wani.

FASALI NA BIYAR: WALDA

Nan ne rayuka ke salwanta. Mai mota yana sauri, mai walda yana son kuɗinsa, sai a juye mai, a ɗauraye da ruwa sau ɗaya, a sansana a ce ba wari, a kawo wuta. Alhali mai yana nan maƙale cikin tsatsa da haɗin ƙarfe, da zarar zafi ya taɓa shi sai ya zama tururi, tanki ya tashi. Waɗansu su kan sa tiyo daga salansar wata mota su hura hayaƙi ciki, wai ya kori tururi. Wannan ba abin dogara ba ne, don hayaƙin kansa ya kan zo da man da bai ƙone ba. Waɗansu kuma su kan gwada da ashana a bakin tanki. Wannan kam ba gwaji ba ne, ganganci ne.

In walda ta zama tilas, ga sharuɗɗanta. Ba a yinta tanki yana jikin mota, ko kusa. A sauke shi, a cire famfo da ma'aunin mai da dukan tiyo, a bar kowace ƙofa a buɗe. A wanke shi da ruwan zafi da garin sabulu, a jijjiga a zubar, a maimaita sau da yawa, in da hali a bi shi da tururin tafasasshen ruwa. Sa'an nan a cika shi da ruwa, a karkata shi yadda ruwan zai tsaya dab da wurin da za a liƙe, domin kada a bar wa tururi ɗaki. A kori yara da 'yan kallo. Ga ƙaramin huji, liƙi da narkakkiyar dalma irin na masu gyaran lagireto ya fi sauƙin haɗari, in an gasa ƙarfen liƙin can nesa aka kawo shi ba harshen wuta, amma shi ma sai bayan wanki. In an gama a gwada da ruwa a ga ba ya tsatsafowa, a shanya shi ya bushe ƙayau kafin a mayar.

Kada mai babbar mota ya ce shi nasa man gas ne, ba ruwansa. Gaskiya ne gas ba ya ba da tururi mai kamawa sai zafinsa ya haura awo 50, amma wutar walda ta wuce haka nesa. Haka hukuncin ya ke ga duro da tankin janareto.

In kuwa wuta ta kama, kada a watsa ruwa, domin fetur yana hawa kan ruwa ya bi shi ya yaɗu. Yashi da ƙasa su ne magani, da tukunyar kashe gobara wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da aka kafa a 1988, ke neman kowace mota ta riƙe. A saye ta don wuta, ba don tsoron tara ba. In ta fi ƙarfi a gudu, a kira 'yan kwana-kwana. Mota ana sake wata.

FASALI NA SHIDA: DUKIYA DA AMANA

Ɗan kasuwa ya fi gane magana in an yi masa lissafi. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya zama ɗigo 86,400 a kwana ɗaya, watau lita 2 ko fiye, a wata kuwa ya haura cikin tanki guda. Tun ran 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. Wanda ke jin nauyin kuɗin gyara, ga shi yana shayar da ƙasa abin da ya fi su.

Tsadar nan ita ce kuma ta sa mutane ke rugawa da bokiti in babbar tankar mai ta faɗi, alhali tururin da muka yi bayani shi ne dai, sai ƙarin yawa. A Yamai, cikin Mayu 2019, tanka ta kife kusa da filin jirgin sama, fiye da mutum 55 suka rasu. A Majiya ta ƙasar Taura, Jihar Jigawa, ran 15 ga Oktoba 2024, fiye da 150. A mararrabar Dikko ta Jihar Neja, ran 18 ga Janairu 2025, fiye da 80, an kuwa ruwaito cewa janareto aka tayar domin a juye man cikin wata tanka. Allah ya jiƙansu. Malamai su gaya wa almajirai, iyaye su gaya wa 'ya'ya: inda ka ji warin fetur ya yi yawa, ba wurin tsayawa ba ne.

Saura kalma biyu. Direban da ya ɗauki fasinja alhali ya san tankinsa na ɗiga, ya ɗauki amanar rayuka ya aza bisa sabulu. Dillali kuma, ko mai mota, wanda ya liƙe tanki ya shafa masa baƙin fenti ya sayar bai faɗa ba, malamai sun san hukuncin ɓoye aibi a ciniki, ba sai na tsawaita ba. Aibin wani kaya aljihu ya ke taɓawa, wannan kuwa rai. Mai saye shi ma ya durƙusa ya leƙa cikin mota kafin ya biya.

Alhaji dai ya sake tanki, ya kuma sake wurin ajiye mota, yanzu can gefen fili ta ke kwana, mu kuwa mun mai da wutar karatu cikin gida. Ina roƙon duk malamin da ke da makaranta a bakin hanya, gobe da asuba kafin yara su hura wuta, ya zaga ya sansana. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mu da ku daga gobara, ya kai matafiya gida lafiya, amin.